Ku Tambayi Kawu: De La Soul sun dawo su biyu

Assalamu alaikum, jama'ar wannan fili. Makonni uku da suka wuce na ambaci sabon faifan De La Soul, 'yan gambarar Amurka, a layi biyu kacal, a ƙarshen amsar wata tambaya daban. Ashe na taɓo wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi. Saƙonni suka yi ta shigowa daga Bauchi da Gombe da Azare har da Kaltungo, wasu na yabo, wasu na ƙorafi, wasu kuma so suke kawai a gaya musu su wane ne mutanen nan. Na zaɓi biyar. Waɗanda ba su ga nasu ba su yi mini afuwa, wuri ne ya yi kaɗan.

Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, shekarata 22. Bappana ya ɗauke ni a motarsa za mu Jos, tun daga Zaranda har Tilden Fulani faifai ɗaya yake ta maimaitawa, bai ce da ni uffan ba. Da na tambaya ya ce sabon faifan De La Soul ne. Ni dai na ji kiɗan ya yi sanyi, ba ya motsa jini. Su wane ne, kuma me dattijo kamar Bappa yake ji a ciki? Daga wani ɗalibi, Gwallameji, Bauchi.

Ɗana, sannu da hanya. Bappanka ba kiɗa kaɗai yake saurare ba, amma bari in fara da su wane ne.

Su uku ne. Kelvin Mercer da ake kira Posdnuos, da David Jolicoeur da ake kira Trugoy ko Dave, sai Vincent Mason, wato Maseo, mai juya faifai. A makarantar sakandare suka haɗu, a garin Amityville da ke Long Island a jihar Niyok ta Amurka. Sunan Trugoy ma kalmar Turanci ce ta kindirmo aka karanta daga ƙarshe zuwa farko, don yana son sa ƙwarai. Faifansu na farko, 3 Feet High and Rising, ya fito a 1989, wani gwanin haɗa kiɗa mai suna Prince Paul ne ya yi musu aikinsa. A lokacin yawancin 'yan gambarar Amurka sarƙar zinariya ce a wuya da ɗaure fuska da kirarin kai. Su kuwa waɗannan yara suka zo da bangon faifai ruwan ɗorawa, an zana furanni, suna raha, suna saka ɗan wasan kwaikwayo tsakanin waƙa da waƙa.

Ni a 1991 na fara jin su. Ina zaman shagon yayana kusa da kasuwar Wunti, aikinmu kwafar kaset: Shata, Ɗanƙwairo, waƙoƙin Indiya, wa'azi, Bob Marley. Wani ɗan bautar ƙasa daga Legas ya kawo kaset ya ce a kwafa masa don nasa ya fara cin zare. Na kwafa biyu, ɗaya nasa ɗaya nawa. Da dare muka zauna mu uku a wani zaure a unguwar Jahun, da rediyo mai cin batir shida. Idan gefe ɗaya ya ƙare muna son maimaitawa, sai a zare kaset a zura biro a ramin a yi ta juyawa da hannu, don kada batir ya mutu a banza. Da safe a shanya batiran a rana. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na Turancinsu ba ma ganewa. Abin da muka gane shi ne abokai uku ne suke magana suna karɓar wa juna, kamar mai waƙa da 'yan amshinsa, sai dai a nan kowa mai waƙa ne kowa ɗan amshi.

Dave ya rasu ranar 12 ga Fabrairu 2023 yana da shekara 54, bayan ya daɗe yana fama da ciwon zuciya. Sabon faifan, Cabin in the Sky, ya fito ranar 21 ga Nuwamba 2025, shi ne na farko da suka yi babu shi a raye, shekara tara bayan wanda ya gabace shi. Ma'anar sunan ɗan ɗaki a sama, ka ga tun daga suna an san inda aka dosa. Yana buɗewa da kiran suna irin na aji. Ɗan wasan fim Giancarlo Esposito ne yake kira, ana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Dave, shiru.

Bayan sallar isha'i na fara sauraro, a falo, ni kaɗai. Da aka zo wurin nan sai na tsayar da wayar na ajiye ta a kan kujera. A cikinmu ukun nan na zauren Jahun, ɗaya ƙasa ta rufe masa ido shekara huɗu ke nan, Allah Ya jiƙansa. Shi ne mai juya biro, don hannunsa ya fi namu sauri. Sai washegari na iya ƙarasa faifan.

Maganar sanyin kiɗa kuwa, kunnenka bai yi ƙarya ba. Posdnuos haihuwar 1969 ne, Maseo 1970, kuma irin kiɗan da suka taso a ciki ganga ce mai tafiya a hankali don a ji magana. Ba don rawar biki aka yi shi ba. Idan kun sake yin tafiya da Bappa, kada ka tambaye shi sunan waƙa. Tambaye shi da wa yake jin su a da.

Malam, ni sa'anka ne, kuma tun ina sakandare a Kaltungo nake jin mutanen nan. Gaskiya faifan nan bai gamsar da ni ba. Ya yi tsawo, baƙi sun yi yawa, kuma rahar nan ta da babu ita. Anya ba neman kuɗi da sunan mamaci ba ne? Daga wani ma'aikaci, Jekadafari, Gombe.

Ɗan'uwa, a kan tsawo ina tare da kai. Faifan ya haura awa guda, kuma da ni aka ba almakashi da na cire waƙa huɗu ko biyar daga tsakiya, babu abin da zai ragu. A majalisarmu ta yamma ma an rabu biyu a kan haka. Akwai wani malamin makaranta da ya ce tun da ya sauke shi bai saurari wani abu ba, akwai kuma mai gyaran rediyo, wanda ya fi mu duka kunne, da ya ce yana kaiwa tsakiya hankalinsa yake tafiya wani wuri, sai can kusa da ƙarshe ya dawo. Masu sharhi a jaridun Amurka da Ingila yawancinsu yabo suka yi. Amma mai sharhi aikinsa ne ya zauna ya saurara daga farko har ƙarshe, mai shago kuwa ciniki na katse shi.

Sauran maganganunka uku ne ban yarda da su ba.

Cewa ba kamar da ba, wannan ƙorafi ya girmi ɗalibin da ya rubuto tambayar farko. A 1991 mutanen nan suka gaji da yadda aka maƙala musu sunan masu furanni, suka sa wa faifansu na biyu suna De La Soul Is Dead, wato De La Soul ta mutu, a bangon kuma tukunyar fure ce ta faɗi ta fashe. Mutane suka ce ba kamar da ba. A 1996 suka fitar da Stakes Is High babu Prince Paul, suna faɗa da yadda gambara ta koma tallan kuɗi da bindiga. Aka sake cewa ba kamar da ba. Yau duka biyun ana lissafa su cikin manyan ayyukansu. Ni da kai muna son a dawo mana da wani abu ne da ba ya hannun Posdnuos. Gashinmu baƙi muke nema, da ƙafar da ke taka Kaltungo zuwa Billiri ba ta gaji ba. Kuma rahar tana nan in ka ƙara saurare, sai dai raha ce irin ta wurin zaman makoki bayan kwana uku, lokacin da aka fara tuno abin dariyar da mamaci ya taɓa yi.

Baƙin ma haka na ɗauke su. Nas, Common, Black Thought, Killer Mike, Q-Tip, Slick Rick, ga DJ Premier da Pete Rock a wajen kiɗa. Da yawansu tsararrakinsu ne ko ƙannensu a sana'a, Q-Tip kuwa tun zamanin haɗakar ƙungiyoyin gambara da ake kira Native Tongues suke tare. In babban mutum ya rasu a unguwa ai ba ka ƙirga masu zuwa gaisuwa ka ce sun yi yawa.

Batun kuɗi, duba tarihinsu ka yi musu adalci. A Fabrairun 2014 sun buɗe tsofaffin waƙoƙinsu kyauta na awa 25, kowa ya sauke. A 2015 da za su yi sabon faifai ba su je wurin kamfani ba, masoyansu suka roƙa ta Kickstarter, shafin tara gudummawa a intanet. Dala 110,000 suka nema, aka tara musu sama da dala 600,000. Wannan na yanzu kamfanin Mass Appeal ne ya fitar, wanda Nas yake cikin masu shi, a jerin faya-fayan tsofaffin 'yan gambarar Niyok da ya yi a 2025. Za su sami kuɗi, kuma halalinsu ne, sana'arsu ce. Amma mai son ya ci da sunan mamaci a shekarar rasuwa yake gaggawar fitar da kaya, tun hawaye bai bushe ba. Waɗannan sai da suka kusa shekara uku.

Kawu, ina wuni. Maigidana ne yake saka faifan nan a gida. Da ya gaya mini wai ɗaya daga cikin masu waƙar ya rasu amma ga muryarsa a sabuwar waƙa, sai tsigar jikina ta tashi. Kwamfuta ce ta ƙirƙiro muryar? Kuma ya dace a yi wa mamaci haka? Daga wata uwargida, Azare.

Lafiya lau, 'yata, a gaida maigidan. Muryarsa ce ta gaskiya, abin da ya naɗa da bakinsa kafin ya rasu, abokansa suka ɗauko suka ƙarasa aikin. Ba su ne farau ba. 'Yan ƙungiyar A Tribe Called Quest sun yi haka a 2016 bayan rasuwar ɗayansu, Phife Dawg, kuma a jerin Mass Appeal ɗin nan akwai faifan ƙungiyar Mobb Deep da muryar ɗayansu, Prodigy, wanda ya rasu a 2017.

Mu ma ai kullum cikin muryar mamata muke. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma wace rana ce za ta fito ta faɗi ba a ji ɗayansu a rediyo ko a tashar mota ba? Bambancin da ya tayar miki da tsigar jiki na gane shi. Waɗancan su suka gama waƙoƙinsu da kansu suka ce a saki. Wannan kuwa wani ne ya yanke masa hukuncin wane baiti za a fitar, wane za a bari. Shi ya sa ni abin da nake dubawa shi ne hannun wa abin ya faɗa. In baƙon ɗan kasuwa ne ya sayi faya-fayan mutum yana yanka yana liƙawa, ba na so. In waɗanda suka yi shekara talatin da biyar suna cin abinci a kwano ɗaya da shi ne, sun fi kowa sanin abin da zai ji kunyarsa da abin da zai yi alfahari da shi.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne wanda kika fara tambaya. Yanzu akwai manhajojin da za su kwaikwayi muryar mutum su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Ranar da wani zai sa muryar Shata ta yi wa ɗan takara waƙa, ranar za ki ji ni ina ihu a wannan fili. Hukuncin addini a kai kuwa na malamai ne, ki kai musu.

Kawu, ina da ɗan situdiyo, ɗaki ɗaya ne da kwamfuta. Ina so in yanko kiɗan kuntigin Ɗanmaraya in ɗora ganga a kai, yarona ya yi gambara. An ce mini haka De La Soul suka yi suna. Akwai matsala? Daga wani mai haɗa kiɗa, Yelwan Tudu, Bauchi.

Ƙanena, wanda ya ba ka labarin rabi ya ba ka. Ga ɗaya rabin.

Gaskiya ne faifansu na 1989 ɗinkin tsumma ne mai kyau. Gutsattsarin kiɗa gommai aka yanko daga tsofaffin faya-fayai, nan ganga, can ƙaho, can wata murya, aka harhaɗa. A lokacin doka ba ta gama farkawa ba. Sai wasu mawaƙan shekarun 1960 da ake kira The Turtles suka ji 'yan daƙiƙoƙi na waƙarsu a ciki, an ɗauka ba a nemi izini ba, suka kai ƙara. An sasanta a wajen kotu, amma daga nan kowane kamfani ya shiga taitayinsa.

Babbar wahalar ta zo ne daga baya. Izinin da aka karɓa a wancan zamani na kaset ne da faifai, ba wanda ya yi tunanin intanet. Da duniya ta koma sauraro a waya, faya-fayansu shida na farko suka maƙale, ba a Spotify ba a ko'ina, shekara da shekaru. Yara suka taso ba su san su ba. A 2019 kamfanin Tommy Boy ya so ya sake su, mawaƙan suka fito suka ce kashi 10 cikin 100 aka ware musu, suka roƙi masoyansu kada su saurara. Sai da kamfanin Reservoir ya sayi Tommy Boy a 2021 aka zauna aka bi gutsattsarin nan ɗaya bayan ɗaya, wanda aka sami izini aka bari, wanda ya gagara aka sake kaɗa shi. Waƙoƙin suka hau intanet ranar 3 ga Maris 2023. Kwana 19 ke nan da rasuwar Dave. Abin da ya yi shekaru yana fafutika a kai bai gan shi da idonsa ba.

To kai ma kuntigin Ɗanmaraya yana da masu shi. Ya bar magada, akwai kuma waɗanda suka naɗi faifan. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma akwai hukumar da ke kula da wannan. Na san za ka ce wa zai kula da ɗaki ɗaya a Yelwan Tudu. Ba wanda zai kula muddin waƙar ba ta je ko'ina ba. Ranar da ta fashe, ranar za a sauke ta daga YouTube, ko kuɗin ya tafi wani aljihu. Kuma ko babu doka, ai akwai kunya. Mutumin nan maraya ya taso, da ɗan gwangwani mai tsirkiya ɗaya ya ci da kansa, bai kamata jikokinsa a sana'a su ɗauki guminsa ba ko sallama.

Ga dabarar da De La Soul ɗin suka koma yi. A faifansu na 2016 makaɗa suka tara a situdiyo, aka yi ta kaɗe-kaɗe ana naɗa har sama da awa 200, sannan suka zauna suka yanko daga abin da yake nasu. Kai ba ka bukatar awa 200. Makaɗan garaya da gurmi da kalangu suna nan a ƙauyukanmu da wuraren biki, da yawansu wata guda sai ya wuce ba a kira su ba. Nemo ɗaya, ku yi ciniki, ka biya shi, ku rubuta a takarda da shaidu biyu cewa ya yarda, ka sa sunansa a jikin waƙar. Ka ba shi wuni guda ya kaɗa abin da ransa yake so. Ka rataya bargo a bango da ƙofa don ƙarar babura, ka kashe fanka lokacin naɗa. Abin da za ka samu a wunin nan zai ishe ka waƙa goma, kuma ba wanda yake da irinsa. In kuma lallai sai Ɗanmaraya, to Jos ba nisa, ka je ka nemi iyalinsa ka yi sallama.

Kawu, na je wurin masu tura waƙa a waya, sun ce ba su da shi. Ina zan samu, kuma da wace zan fara? Sannan mu a Arewa muna da ƙungiyar gambara da ta daɗe haka? Daga wani mai ɗinki, Pantami, Gombe.

Ni ma na gwada a bakin Wunti, yaron ya duba kwamfutarsa ya ce bai taɓa jin sunan ba, ya miƙo mini na ClassiQ da na B.O.C Madaki. Na karɓa, 'yan jiharmu ne kuma ina jin su. Faifan yana Spotify da YouTube. Ka jira garaɓasar data ta dare. Ka fara daga farko saboda kiran sunan nan, sannan ka nemi The Package, wadda Pete Rock ya haɗa wa kiɗa, ita ce ta fi saurin shiga kunne.

Tambayarka ta biyu, gambararmu ta Hausa yawanci ta mutum ɗaya ce. Ko a shirin H Hip Hop na Arewa24 za ka ga ɗaiɗaiku ne suka fi yawa. Yara sukan fara su uku su huɗu a unguwa, da an fara kiran ɗaya shi kaɗai zuwa wasa sai tafiyar ta watse. A nan Bauchi na san wasu samari huɗu da suke yi a farkon shekarun 2000, har kaset suka kawo shagon yayana aka kwafa musu guda hamsin. Ɗaya yanzu direban tirela ne, ɗaya yana koyarwa a Misau, biyun ban san inda suke ba. Kaset ɗin fari ne, an rubuta sunayensu da jan biro. Duk wanda yake da shi a tsohuwar akwati, don Allah ya aiko mini da saƙo ta hannun edita, zan zo har gida in kwafa in mayar masa da abinsa.